Matambayi Ba Ya Ɓata: Jeannette Rankin, Matar da Ta Ƙi Yaƙi Sau Biyu

A fitowar da ta wuce mun ambaci sunan Jeannette Rankin a layi ɗaya tak, cikin bayani kan mata da sulhu, sai ga wasiƙu daga Garwa, Marwa, Kusiri, Ngaundare har da Njamena. Mun tsamo waɗanda tambayoyinsu suka bambanta, muka taƙaita masu tsawo.

Daga wata malamar firamare, Garwa: Assalamu alaikum. Kun ce ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Amurka, a 1916. Ni kuwa na karanta cewa sai 1920 matan Amurka suka samu 'yancin jefa ƙuri'a. Yaya aka zaɓi wadda ita kanta ba ta da ƙuri'a?

Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun gaskiya ne. A wancan zamani kowace jiha ita ke yanke wanda zai yi zaɓe a cikinta. Abin da aka yi a 1920 shi ne gyara na 19 ga tsarin mulki, wanda ya hana kowace jiha tauye wa mace ƙuri'a don kawai ita mace ce. Amma jihohi da dama na yamma sun riga sun ba mata, kuma Montana, jihar Jeannette, ta bayar a Nuwamban 1914.

An haife ta ran 11 ga Yuni 1880 kusa da garin Missoula, ita ce 'yar fari. Uban kafinta ne kuma mai garken shanu, uwar malamar makaranta ce irinki. Ta gama jami'ar Montana a 1902, ta ɗan koyar, ta yi ɗinki, sannan ta karanci aikin taimakon marasa galihu a birnin New York. A Fabrairun 1911 ta tsaya gaban majalisar jiharsu ta nemi a ba mata ƙuri'a, kuma kafin ita ba macen da ta taɓa yi wa wannan majalisa jawabi.

Ki lura da wuyar aikin: maza kaɗai ne za su jefa ƙuri'ar ba mata ƙuri'a. Don haka ita da abokan aikinta ba su zauna a babban birni suna taron manya ba. Sun kafa kwamiti a gunduma bayan gunduma, suna bin mutane inda suke: tashar jirgin ƙasa, bakin titi, sansanin masu haƙar ma'adinai, makarantun ƙauye masu aji ɗaya. Takan gaya wa yara su je gida su tambayi iyayensu maza me ya sa uwarsu ba ta zaɓe. Da aka ƙirga, 41,302 suka yarda, 37,588 suka ƙi. Da ƙyar aka sha.

Yanzu ga abin da yawanci ba a faɗa. A 1916 Montana na da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, amma ba a raba jihar gida biyu ba. Jihar baki ɗaya mazaɓa guda ce, kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu, biyun da suka fi yawa su tafi. Ma'ana namiji bai buƙaci yasar da gwaninsa don ya zaɓe ta ba, sai ya ba gwaninsa ɗaya, ya ba ta ɗaya. Ga kuma kwamitocin 1914 suna nan ba su watse ba, suka koma rajistar mata da aika katin wasiƙa gida-gida. Ƙaninta Wellington, lauya mai abin hannu, shi ya ɗauki nauyin kamfe. Ran 7 ga Nuwamba 1916 ta zo ta biyu a tutar jam'iyyar Rifablikan da ƙuri'a sama da 76,000. Wasu jaridu har sun buga cewa ta faɗi, sai da akwatunan ƙauye suka iso bayan kwanaki aka ga ashe ba haka ba ne.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Kusiri: Ni dai ban ga abin yabo ba. An kawo wa ƙasarku hari, an kashe mutane, kowa ya ce a rama, ke kaɗai ki ce a'a. Wannan ba taurin kai ba ne? Me ƙuri'a ɗaya ta hana?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ba ta hana komai ba, wannan kam ka yi gaskiya. Amma ƙuri'un biyu ne, shekara 24 tsakaninsu, kuma bai kamata a zuba su a kwano ɗaya ba.

Ta farko: an rantsar da ita ran 2 ga Afrilu 1917, a daren nan Shugaba Woodrow Wilson ya zo majalisa neman izinin yaƙar Jamus. Kwana huɗu da zamanta a kujera, wajen ƙarfe uku na dare ran 6 ga wata, aka soma kiran suna. A ƙa'idar majalisar akawu yakan bi sunaye sau biyu, kuma ba a jawabi lokacin kira, eh ko a'a kawai. Kira na farko ta yi shiru. A na biyu ta miƙe ta karya ƙa'ida, ta ce tana son ta tsaya wa ƙasarta, amma ba za ta iya zaɓen yaƙi ba. Sakamako 373 da 50. Maza 49 ne suka ce a'a tare da ita, har da Claude Kitchin, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar shugaban ƙasar kansa. Amma ita jaridu suka sa a gaba, wasu suka ce kuka ta yi. Shugabar babbar ƙungiyar neman ƙuri'ar mata, Carrie Chapman Catt, ta ji haushi, don a ganinta yanzu za a ce mata ba za su iya riƙe mulki ba. A wannan karo, mu a ra'ayinmu, ba a yi mata adalci ba: ba a taɓa ƙasar Amurka ba, rikicin na jiragen ruwa ne a teku, kuma 'yan majalisa da yawa sun ga abin da ta gani. (Af, wannan yaƙi dai shi ne wanda ya riga ya bi ta kanmu. Garwa ta faɗi hannun Ingila da Faransa a Yunin 1915, sojojin Jamus da ke kan dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 suka miƙa wuya. Ba wanda ya kira sunan kakanninmu ya ji eh ko a'a.)

Kuma ba mai kunnen ƙashi ba ce kamar yadda ake zato. A Disambar 1917, da aka zo ƙara Ostiriya-Hangari cikin abokan gaba, ta ce eh, bisa hujjar cewa an riga an shiga yaƙin, wannan cike takarda ne kawai.

Ta biyu ita ce wadda kake nufi. Ta koma majalisa a zaɓen 1940 tana da shekara 60. Ran 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, aka kashe Amurkawa kimanin 2,400. Washegari Majalisar Dattawa ta amince da yaƙi 82 ba ko ɗaya. A Majalisar Wakilai Jeannette ta yi ta neman a ba ta magana, kakaki Sam Rayburn ya ƙi kallon inda take. Da aka zo kanta ta ce a'a, ta ce ita mace ce, ba za ta iya zuwa fagen fama ba, don haka ba za ta tura wani ba. Aka tashi 388 da 1. Ihu ya kaure, 'yan jarida suka yi mata caa, har sai da ta shige ɗan akurkin wayar tarho ta rufo ƙofa, ta kira 'yan sandan majalisa suka raka ta ofis. Akwai hoton: tsohuwa cikin akurkin, kan tarho a kunne. Ƙaninta da kansa ya aiko mata da waya cewa Montana kaf ta juya mata baya. Bayan kwana uku, da aka zo kan Jamus da Italiya, ba ta ce eh ko a'a ba, cewa ta yi a rubuta tana nan.

Shin ta yi daidai? Mu ba mu ce ba. Ƙasar da aka kai wa hari tana da hakkin kare kanta, kuma wanda ya san abin da Hitila ya aikata zai yi wuya ya ce zaman lafiya da shi mai yiwuwa ne. Amma taurin kai daban, cika alkawari daban. A kamfen 1940 ta shiga makarantun sakandare 52 daga cikin 56 na mazaɓarta tana gaya wa yara da iyayensu cewa ba za ta tura su yaƙi a ƙetare ba. A kan haka suka ba ta kashi 54 cikin ɗari. Kai ɗan kasuwa ne, ka san mutumin da ke faɗin farashi da safe ya tsaya a kansa da yamma ko da kasuwa ta juya masa. Ta san kujerar ta tafi, kuma ba ta ko sake tsayawa a 1942 ba.

Daga wani ɗalibin jami'a, Ngaundare: To ƙuri'ar 1917 ce ta sa ta rasa kujerarta ta farko?

Ta taimaka, ɗan'uwa, amma ba ita ce wuƙar ba. Wuƙa biyu ce.

Ta ɗaya, taswira. A 1917 majalisar jiha ta soke tsarin kujeru biyu a mazaɓa guda, ta tsaga Montana gida biyu. Garinsu ya faɗa ɓangaren yamma, inda jam'iyyar Demokrat ke da ƙarfi. Wancan “ba gwaninka ɗaya, ba ni ɗaya” ya mutu ke nan. Da ta ga haka sai ta nemi Majalisar Dattawa a 1918, ta faɗi a zaɓen fid da gwani, ta koma wata ƙaramar jam'iyya, ta zo ta uku.

Ta biyu, kamfani. Ran 8 ga Yuni 1917 gobara ta tashi a wata mahaƙar tagulla a garin Butte, mutum 168 suka mutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Jeannette ta je garin ta goyi bayansu, ta kuma soki kamfanin Anaconda a fili. Kamfanin kuwa shi ke riƙe da yawancin manyan jaridun jihar. Wanda ya taɓa mai jarida ya san sauran.

Duk da haka shekara biyun ba su tafi a banza ba. Ran 10 ga Janairu 1918 ita ta buɗe muhawarar gyaran tsarin mulki kan ƙuri'ar mata, Majalisar Wakilai ta amince 274 da 136, daidai kashi biyu cikin uku da ake buƙata, ko da yake dattawa sun kayar da shi a wannan zagaye. Har ƙarshen rayuwarta tana kiran a koma mazaɓu masu kujeru da yawa, don ta san ta wace ƙofa ta shiga, ta kuma san wace aka rufe.

Daga wata Hajiya shugabar adashin mata, Marwa: Matan unguwarmu suna matsa mini in tsaya kansila. Ina son in yi aikin sulhu, musamman tsakanin manoma da makiyaya. Me zan ɗauka daga labarin wannan mata, kuma ta ina zan fara?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ɗauki wannan: kafin ki koyi jawabi, koyi yadda ake ƙirga kujeru. Abin da taswira ta yi wa Jeannette, a nan lamba ce ke yin sa.

A Kamaru ba a tsayawa kansila ko depite, wato ɗan majalisar dokoki, da ƙashin kai, dole jam'iyya ta sa ki cikin jerin sunayenta, kuma jerin ake zaɓa, ba mutum ba. Ƙaramar hukumar da ba ta kai mutum 50,000 ba tana da kansila 25, adadin yana hawa zuwa 31, 35, 41 har 61 gwargwadon yawan jama'a. In jeri ɗaya ya haura rabin ƙuri'u, ya kwashe kujerun duka. In babu wanda ya haura, na gaba ya ɗauki rabi, sauran a raba bisa yawan ƙuri'u tsakanin jerin da suka kai kashi 5 cikin ɗari. Kuma daga sama ake ɗibar sunaye. Jam'iyyar da ta samu kujera huɗu, mutum huɗu na farko ne za su shiga. In an sa ki lamba 19, kin yi musu talla ne da zanenki da matanki, kin koma gida. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce kowane jeri ya kula da jinsi, amma ba ta faɗi mata nawa ba, ba ta kuma faɗi a wace lamba ba. Saboda haka cinikinki da shugabannin jam'iyya a kan lamba zai kasance, kuma a yi shi kafin a kai takardu hukumar zaɓe ta ELECAM, ba bayan an kai ba.

Da me za ki yi cinikin? Da katin zaɓe. Ana rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara, kuma ana rufewa da zarar an kira zaɓe. Shekarun zaɓe 20 ne. Ki zauna da littafin adashinku, ki ja layi uku gaban kowane suna: mai takardar haihuwa, mai katin ɗan ƙasa, mai katin zaɓe a hannu. Za ki tarar da yawa sun maƙale a layin farko, don a yankinmu rashin takardar haihuwa ya yi yawa. Wadda ba ta da ita sai ta bi ta kotu a yi mata hukuncin da ke maye gurbinta, abin da ke cin watanni, sannan a zo kan katin ɗan ƙasa. Macen da ta shiga ɗakin taro da sunayen mata 300 masu kati, ba a ba ta lamba 19.

Takardunki kuwa: shekara 23 zuwa sama, iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi, zama a ƙaramar hukumar na aƙalla wata shida. Za a nemi kwafin takardar haihuwa da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ki ba, wadda ake ce wa kaziye, dukansu kada su wuce wata uku da fitarwa. Sai takardar shaidar ɗan ƙasa, ta haraji, ta rajistar zaɓe, da rasit na kuɗin ajiya a baitulmali, sefa 50,000 ga kansila, miliyan ɗaya ga depite. Kwana 15 kacal ake bayarwa daga ranar da aka kira zaɓe. Inda ake yawan faɗuwa wuri biyu ne. Ko a yi gaggawar karɓo takarda ta tsufa kafin ranar, ko kuma sunan ya saɓa: Aïssatou a takardar haihuwa, Aichatou a katin ɗan ƙasa, A'ishatu a wata takardar. Kuskuren mutum ɗaya na iya jawo a yi watsi da jerin duka, wa'adin ƙara kuma 'yan kwanaki ne. Ki jera takardunki a kan tabarma yau ki karanta su harafi-harafi.

Batun sulhu, ki riƙe abin da ya faru a Logone-Birni a 2021. Faɗan ya taso ne a kan ruwa: masunta da manoma sun haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa. A Disamba wutar ta kai Kusiri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Irin wannan ba a majalisar ƙasa ake kashe shi ba. Ana kashe shi ne a kan burtali, mashaya da lokacin sakin dabbobi bayan girbi, gaban Lamido da lawanai da hukuma. Kansila na da ta cewa a kasafin ƙaramar hukuma, inda ake yanke wa wace unguwa za a haƙa rijiya. Can ne aikinki yake. Kuma ki faɗi matsayinki tun a kamfe, gaban ɓangarorin biyu, da kalmomi iri ɗaya.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Njamena: Me ya kai ku Amurka? Mu ba mu da namu ne?

Muna da su, 'yar'uwa, kuma kin yi daidai da kika ja mana kunne. A ƙasarku Cadi, Bourkou Louise Kabo, malamar makaranta, ita ce mace ta farko a majalisar dokoki, a 1962. A Kamaru Julienne Keutcha ce, a 1960. Delphine Tsanga ta shiga gwamnati a 1970, ta zama cikakkiyar minista a 1975, sannan 'yar arewa Yaou Aïssatou ta riƙe ma'aikatar mata daga 1984 zuwa 2000. A ƙasar Hausa kuwa ga Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin matan arewacin Najeriya, ta rasu a 2001. Na yau ma akwai: Aissa Doumara ta Marwa, wadda ta karɓi lambar yabo ta Simone Veil daga Faransa a 2019, da Marthe Wandou, ɗaya daga cikin jagororin babban taron mata na zaman lafiya da aka yi a Yawunde a Yulin 2021.

Kuma alƙaluman nan suna gaskata abin da muka gaya wa Hajiya ta Marwa. Majalisar Kamaru mai kujera 180 tana da mata 25 bayan zaɓen 2007. Da aka sa kalmar jinsi a doka, suka zama 56 a 2013, sannan 61 a 2020. Cadi ta fi fitowa fili, dokarta ta 2018 ta ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin ɗari na muƙaman zaɓe da na naɗi. Za mu ba Bourkou Louise Kabo shafi nata in Allah ya yarda.

Daga wani tela, Garwa: Bayan ta bar majalisa me ta yi, kuma me ta bari?

Maigida, ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Tsakanin zamanta biyu a majalisa ta sayi 'yar gona a jihar Jojiya, ta zauna a gida marar lantarki marar famfo, tana aiki wa ƙungiyoyin hana yaƙi. Bayan 1943 ta je Indiya sau bakwai tana nazarin tafarkin Gandhi. Ran 15 ga Janairu 1968, tana da shekara 87, ta ja mata kimanin 5,000 a titunan Washinton don nuna ƙin yaƙin Biyetnam. Ta rasu ran 18 ga Mayu 1973 a Carmel ta jihar Kaliforniya, saura 'yan makonni ta cika 93.

Ta yi wasiyya a taimaki mata manya marasa aiki da abin da ta bari. Da dala 16,000 daga dukiyarta aka kafa gidauniya mai sunanta a 1976, wadda ke biya wa mata masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 35 zuwa sama kuɗin karatu. A 1985 Montana ta kai mutum-mutuminta ginin majalisar dokoki a Washinton, an rubuta maganarta ta 1917 a gindinsa. Har zuwa zaɓen 2024 jihar ba ta sake tura wata mace majalisar ba.